Motar da ta tafi ta bar Bulus

"Yaya, mota ta tafi ta bar ni!"

Ƙanena Bulus ke nan a waya. Ya samu aikin girki a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa a Turai. Ya sauka a filin jirgin sama, tashar ruwan tana gari na gaba, sai an shiga mota, kuma a ranar jirgin ruwan zai tashi.

Na ce, "Kana ina ta tafi?"

"Na je neman abinci. Mutum uku ne fa a ciki! Wace mota ke tashi ba ta cika ba?"

Tashar motar Kafanchan ce ta rene shi. Da ƙyar ya samu wata motar, ya isa ana shirin janye tsanin jirgin.

Da ya dawo Kirsimeti, shi ke yi wa direban motar Kachia faɗan ɓata lokaci.

Ku fa, har ina halin gida ya taɓa bin ku?