Ɓawon Gyaɗa a Gindin Kurnar Zara

Jimrau taubashina ne, don haka ko mi na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Mai amalanke ne a nan Dakoro, shekara talatin yana jigilar yashi da tubali, kuma ban taɓa ganin mai son ruwan sama irinsa ba. Hadari na haɗowa kowa zai nemi rumfa, shi kuwa sai ya tuɓe takalmi ya bi ruwa lungu-lungu, kai a ƙasa. Nakan ce masa, "Bawana, ruwan nan surukinka ne da kake yi masa rakiya?" Sai ya ce so yake ya ga inda zai kwana.

Makwancin ruwan kuwa tabkin bayan gari, inda muka yi wanka muna yara. Jimrau yakan ce a zamanin nan in ka leƙa tabkin da hantsi sama biyu kake gani, ta bisa da ta ƙasa, shanu na tsoma baki cikin gajimare suna sha. In ya fara wannan zance idonsa kan tafi nesa, sai jaki ya tsaya don kansa. Yanzu fa? Leda, baƙin man garaji, jini da tumbin mahauta, duk ruwan damina ya kwaso ya juye a ciki. Bara waccan jakinsa ya sha, ya kumbura ya mutu. Ya yi kwana uku bai yi mini ba'a ba, a nan na san abin ya ci shi.

Da bazara wani furoje, irin shirin raya garin nan, ya turo injiniya, yarinya mai natsuwa, Halimatussa'adiya. Aikinta ta gano inda ƙazamin ruwan kasuwa da na garaji da na mahauta ke haɗuwa, a gina babban rami a jera duwatsu da yashi, ruwa ya tsaya ya tace kafin ya kai tabki. Sai ta nuna wurin daidai a taswira za a sa hannu a takardar izini. In ta kuskure, ko ta makara, aikin ya wuce wani gari. Taswirarta ta ce bayan tasha.

Jimrau ya ji zancen ranar da ya kai yashi kusa da bironsu, wato ofishinsu.

"Ɗiyata, wa ya ce miki bayan tasha?"

"Na'ura ce ta auna, Baba."

"Na'urar ta taɓa jiƙewa?"

Ta yi dariya, amma ta saurare shi. Ya ce an yi gine-gine, an cike kwari da shara, ruwa ya sake hanya. Ya ce ta jira ruwan fari ta gani da idonta. Kwana tara suka rage mata ta miƙa takarda, ta ce za ta jira.

Kullum da la'asar sai in gan shi zaune kan amalanke yana kallon gabas, yana ƙirga shamuwa. Ya zo ya kwashe mini ɓawon gyaɗa buhu guda, ni da ke ƙuli-ƙuli ba na rasa shi. Ya samo ƙaiƙayi a masussuka, ya tsinto busasshen kashin raƙumi a kara, kasuwar dabbobi. Duk ukun ba sa nutsewa, in ji shi.

Rana ta bakwai gabas ta yi baƙi. Ya raba mu: injiniya ta zuba ƙaiƙayi a bakin kasuwa, ni in zuba ɓawo a ƙofar garaji, shi ya tafi mahauta da nasa. Na ce, "Wallahi kashin ya dace da kai." Ruwa ya sauko da ƙamshin ƙasa. Na tsaya na jiƙe sharkaf, da girmana, ina kallon ɓawona na tafiya a jere, yana lilo, yana shan kwana, har ya ɓace mini. Wani daɗi ya kama ni, na ce ashe abin da mahaukacin nan ke ji ke nan.

Da ruwa ya ɗauke muka haɗu da injiniya a bayan tasha. Ba komai sai silifa ƙafa ɗaya. Jimrau bai zo ba. Na ce ta jira, na nufi gidansa.

Gidan a gangare yake, can gefen gari. Da hannunsa ya gina, kuma marigayiya matarsa Zara ta dasa kurna a tsakar gida shekarar da ta tare. Ruwa ya shigo ta rariyar katanga ya kwanta. Ƙaiƙayi da ɓawo da kashin raƙumi, ga su nan duk ukun suna kewaya gindin kurnar a hankali. Shi yana tsugune yana kallo.

Na gane nan za a gina ramin. Na jawo tsintsiya.

"Tashi mu share. Ba wanda ya gani, a gina ramin a bayan tasha, ka tsira da gidanka."

Ya riƙe tsintsiyar. "Ma'u, na yi damina shida da sani. Takarda ce ke son shaida."

Na zage shi, na yi kuka, ban ɓoye ba. Ya tsame ukun a ƙwarya, ya ce in kira yarinyar ta zo ta auna.

An sa hannu a takarda. An ba shi fili a tudu, an rushe gidan, shi da kansa ya yi jigilar duwatsun ramin. Halimatussa'adiya ta karkata layinta taku huɗu don a bar kurnar.

Bana ya ce mini ya leƙa tabki ya ga gajimare, kaɗan dai, a gefe. Har yau yana bin ruwa ba takalmi. Rannan na bi bayansa bai sani ba. Da ya iso bakin ramin, daidai inda ƙofar gidan take a da, sai ya tsaya, ya gyara hula, ya yi sallama.