Shekarar da na shaƙe sanfulawa da taki

Shekarun baya, bayan da gubar dalma ta ɗauke yara da yawa a ƙauyukanmu na ƙasar Anka, ƙanena ya bar haƙar zinari ya dawo gida. Ɗiyarsa ta fari na cikin waɗanda aka rasa, Allah ya sa mai ceto ce. Ya dawo ba ya magana sosai, ni kuma kullum tsorona kada ramin ya sake jansa.

A daminar da ya dawo wani malamin gona ya zo daga Gummi da irin sanfulawa, furen nan mai kai kamar faifai wanda ake matse mai daga ƙwayarsa. Mahaifiyarmu ta daɗe tana matsar man gyaɗa, sai na ga hanya: mu noma, Inna ta matse, ƙanena ya kai kasuwa. Ya ce ya yarda, in abin ya yi zai zauna.

Malamin ya ce a ba kowane tushe takin yuriya cikin murfin kwalba, sau biyu kawai. Na rubuta da ajami na sa a aljihu. Amma da na tsaya a gona na dubi murfin nan, sai na raina shi. Mu da muka san masara, ka ciyar da ita ta ciyar da kai. Na riƙa zubawa da tafin hannu, har sau huɗu.

"Yaya, ba haka takardarka ta ce ba," in ji ƙanena.

"Ni na rubuta ta, ni zan gyara ta," na ce masa. Ya yi dariya, karo na farko cikin watanni.

Tsirrai suka tashi sun fi mutum tsayi, ganye kore shar har ya yi duhu. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya kallo, ni kuwa ina amsa gaisuwa kamar ni na halicce su, astagfirullah. Inna ce kaɗai ta zo ta kama kara ɗaya ta girgiza.

"Wanga abu ƙiba yai, ba ƙarfi ba," ta ce. "Mi ka ba shi?"



Na wani maƙwabcinmu, da ya bi ma'aunin murfin, ya nuna ya bushe, namu yana ta ganye. Sai iskar ƙarshen damina ta zo ta kwantar da rabin gonar. Abin da muka tsinta kuma, ka ɓare ƙwaya ka tarar da ita a motse, wata ma babu komai ciki. Inna ta soya, ta niƙa, ta yini tana murzawa, man da ya fito bai cika kwanon miya ba. Daga baya malamin ya gaya mini taki in ya yi yawa ganye da kara yake ginawa, mai kuma ya ragu.

Ƙanena bai zarge ni ba ko da kalma ɗaya. Bayan kaka ya ɗaure kayansa, ya durƙusa gaban Inna, ya ce mini, "Yaya, ka yi ƙoƙari." Ya bi wasu abokansa zuwa wani rami mai nisa.

Na san tafiyarsa rubutacciya ce, amma na san kuma hannuna ne ya zuba takin. Son abu ya yi kyau ne ya hana ni tsayawa inda aka ce in tsaya. Tun daga shekara ta biyu sanfulawata take yin mai, sai dai wanda na noma ta dominsa ba ya nan.

Yakan kira ranar Sallah. Bayan gaisuwa yakan ce, "Ya gona?"

Nakan ce masa, "Tana nan. Gefenka ma ban ba kowa ba."