Muciyar Hajiya Mujahida

Shekara talatin da bakwai ke nan da Hajiya Mujahida ta baro Sakkwato zuwa aikin Hajji, ba ta koma ba. Abin da ya rage mata na gida muciya ce guda, wadda ta yi baƙi don tsufa. Da ita ta tuƙa wa alhazai tuwo a unguwar Kudai da ke Makka, da ita ta ciyar da mijinta Salihu har Allah Ya karɓi ransa, da ita ta raini ɗansu Bandar. Ba ta iya karatun boko ba, amma hancinta na gaya mata gishiri ya ji tun daga bakin ƙofa. Mace ce mai kirki, sai dai kanta kamar dutse yake, kuma a madafa ba ta da na biyu, ba ta kuma son a samu.

A unguwar Rusaifa take zaune tare da Bandar da matarsa Wafa da 'yarsu Abir mai shekara huɗu. Abir ce ranta. Ita kuwa yarinyar jikinta ba ya shiri da madara ko kaɗan. Likita ya ce ko ɗigo ya shiga cikinta maƙogwaronta na iya toshewa. A gidan da man shanu ke shiga kowace miya, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Wafa, wadda ke aiki a kantin magani, ta shiga neman littafin girkin da babu madara a ciki. Wata abokiyar aikinta ce ta gaya mata cewa Yahudawa ba sa haɗa nama da madara a girki, abin da suke kira kosha, don haka duk girkin nama na littattafansu babu nono, babu man shanu. Wafa ta duba guda uku a wayarta. Na farko ya cika zuba giya a miya, ta watsar. Na biyu kayan haɗinsa sai an je wata duniya. Na uku na wata tsohuwa ne, kaza da albasa da karas, kuma kowane girki da alamarsa: na nama, na madara, ko wanda ba ko ɗaya. Shi ta buga a takarda ta kawo gida.

"Littafin wa kika ce?" in ji Hajiya. "A Makka? A madafata?"

"Hajiya, naman namu ne, halal," in ji Wafa. "Wallahi bas girki ne kawai."

Sati biyu Hajiya ba ta kalli takardun ba. Amma da ta ga Abir na shanye romon kaza mai curin gari a ciki, sai ta ɗanɗana, ta taɓe baki ta ce ai ɗanwake ne da bai ji kuka ba. Daga nan Wafa ke karantawa, ita tana dafawa, har ta haddace girki tara.

Inda aka samu matsala shi ne kayan girki. Wafa ta sayo wa Abir tukunya da ludayi nata na kanta, ta ɗaura musu jan zare. Hausar Wafa ba ta da yawa, Larabci ya fi zama a bakinta, sai ta taƙaita bayani ta ce, "Littafin ya ce a raba tukwane." Da ta sani, da ta ce likita ne ya ce, don shi ma ya faɗa. Abin da Hajiya ta ji shi ne ibadar wasu ake son ta yi. Ta yarda ta ari girkinsu, amma ba za ta ari addininsu ba. Ba ta yi musu ba, ta dai bar maganar a cikinta, kuma wannan shirun nata shi ya fi komai ban haushi a duk labarin.

Wata Talata bayan azahar, Wafa na wurin aiki, Hajiya ta dafa wa Bandar salik, shinkafar nan ta Hijaz da ake dafawa da madara. Ta juya ta da muciyarta. Shinkafar Abir na gefe tana neman kamawa, ludayi mai jan zare kuma yana rataye kusa da hannunta. Ta kalle shi, ta goge muciyar da tsumma, ta juya shinkafar yarinyar da ita.

Loma huɗu Abir ta yi. Leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma fito. Hajiya ta ƙwala wa Bandar kira, ya soka wa yarinyar allurar da likita ya ba su, ya sungume ta sai asibiti. Kwana biyu tana kwance da robar iska a hanci. Da likita ya tambayi abin da ta ci, Hajiya ba ta ɓoye ba, ta ce, "Ni ce. Muciyata ce."

Wafa ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi wa tsohuwar sauƙi. Bayan wata ɗaya ita da Bandar suka kama haya a Kudai, suka tashi da Abir.

Yanzu Hajiya ita kaɗai ce a gidan. Muciyar tana cikin akwati. Ta sayi sababbin tukwane ta ɗaura wa kowace jan zare, ta daina shigo da madara gidan, ko a shayinta. Duk Juma'a takan dafa romon kazar nan daga ka, Bandar ya zo da Abir, yarinyar riƙe da kwanon abincinta daga gida. Bandar ne ke shanye romon, yana cewa, "Inna, a ƙara haƙuri."

Juma'ar da ta wuce Hajiya ta wanke dabino guda sau uku, ta miƙa wa jikarta. Abir ta dubi dabinon, ta mayar da hannayenta baya.

"Kaka, Mama ta ce kar in karɓi komai daga hannunki."

"Gaskiyarta," in ji Hajiya. Ta daɗe riƙe da dabinon kafin ta ajiye shi a faranti.