Tumbin da Aka Yi wa Barka

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Rasaki mai atamfa a Fagge, amma har yau in na ji ana yi wa wani barka da tumbi sai gabana ya faɗi.

Zamanin kuɗin fetur ne. Duk wanda kasuwa ta karɓe shi sai ciki ya fito. Da nasa ya fara tasowa, abokansa na Sabon Gari suka riƙa shafawa suna cewa, "Alhaji, kuɗi sun zauna!" Shi ma ya biye musu. Ni da nake zuba masa tuwo na san loma kaɗan yake yi ya ce ya ƙoshi. Na ga agogo yana yawo a hannunsa, babbar riga ta rufe sauran. Da na yi magana, yayarsa ta ce, "Ke dai baƙin ciki kike ƙanena ya yi ƙiba."

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a shago aka kai shi asibiti. Likita ya danna gefen hagu ya ce ba kitse ba ne, saifa ce ta kumbura, kansar jini ce. Bai ga babbar sallah ba.

Jikata Rukayya likita ce yanzu. Ta ce wata ƙwayar halitta ce take gurɓacewa a ɓargo, ta riƙa ƙera wani furotin da ake kira kinas, wanda yake umartar fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa, kamar famfon da ya ƙi rufuwa. Yau akwai maganin haɗiya da yake toshe shi, mutane suna daɗewa da ciwon. Da Alhaji yana nan, na san jujjuya ƙwayar maganin zai yi a tafin hannu ya ce, "'Yar wannan?"

Na ce, "Da an ji maganata an kai shi da wuri fa?"

Ta ce, "Da wuya, Hajiya. Lokacin babu maganin."

Wallahi amsar ba ta yi min daɗi ba. Na shekara da shekaru ina jin haushin yayarsa, yanzu ko wanda zan ji haushinsa ba ni da shi.

Shagon ya zama wurin gyaran waya. Abin da ya rage hotonsa ne guda a falo, ya tsaya cikin shadda, ciki a gaba. Baƙi in sun gani sai su ce, "Kai, Alhaji ya ji daɗin duniya." Sai in ce Allah ya jiƙansa, in tashi in kawo musu ruwa.