Ranar da Na Ƙi Sauka Daga Gidan Gaba

Da maigidana ya sayi motarsa, wata akwala da sai ta yi tari kafin ta tashi, ya yi mana alkawarin yawo idan an yi hutun makaranta. Ba biki ba, ba ta'aziyya ba, yawo kawai, ni da shi da 'ya'yanmu mata biyu. Za mu fara da madatsar ruwa ta Goronyo, mu kwana wajen yayata, washegari mu miƙa Sakkwato. Na ce na ji, amma sharaɗi ɗaya: ni ce a gidan gaba. Ya yi dariya ya ce an gama.

Wanda ya ga abin ƙarami ne bai san Wurno ba. A garinmu gidan gaba na dattijo ne, kuma mota ba ta fita da gurbi. Duk wanda ya ɗaga hannu a hanya, in ba ɗan'uwa ba ne to surukin ɗan'uwa ne. Shi kuwa maigidana kunya ta yi masa yawa, ko akuya ta tsayar da shi sai ya taka birki.

Ranar tafiya na ci ado kamar mai zuwa suna. Na shiga na zauna ke nan, ko kujerar ban ɗumama ba, sai ga ƙanen mahaifinsa da sanda da buhun albasa.

"Na ji an ce Goronyo za ku," in ji shi. "Ku aje ni bisa hanya. Gaba nika zama, ƙahwata ba ta son lanƙwasa."

Maigidana ya dubi sitiyari kamar yau ya fara ganinsa. Na sauka, na durƙusa na ce, "Bappa, ina kwana?" Na koma baya tsakanin yara da albasa, don but ɗin ya cika da kayanmu. Ran nan na ji haushi har wuya. Magana ta zo min baki, amma na haɗiye, domin Bappa uba ne. Shi kuwa ya baje yana ba da labarin tsadar taki.

Mun yi nisa, Bappa ya ce a tsaya bakin wani ƙauye. Maigidana ya fita sauke masa buhu. Can ƙarƙashin itacen bedi na hango wani Alhaji, abokin Bappa, ya miƙe yana kaɗe babbar riga, idonsa a kan ƙofar da aka bari buɗe. Na san wannan kallon. In ya zauna, an gama da ni har Sakkwato, domin kafin ya sauka wani ya gaje shi.

Ban san ina da sauri haka ba. Na zagaya, na faɗa kujerar, na ja ƙofa garam, na ɗaura bel.

Alhaji ya iso ya tsaya. A al'ada sai in fito in rusuna, shi kuma ya shige. Sai na sauke gilashi, na sunkuyar da kai iyakar abin da bel ya bari, na shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya Hajiya, yaya jikoki, yaya aka ji da zafi, an fara cirar albasa? Yana amsawa yana duban hannun ƙofa. Da gaisuwa ta ƙare na sake ɗauko ta daga farko.

Ya juya wajen maigidana. "Malam, Boyekai za ni. Mi ake ciki?"

Maigidana ya dube ni, ya dubi Alhaji, gumi na bin hularsa. Na zuba masa ido.

"Alhaji, ku yi hanƙuri," ya ce da ƙyar. "Wagga tahiya ta iyali ce. Ga wuri nan baya in kuna so."

Alhaji ya leƙa ya ga yara da ɓawon albasa, ya ce zai jira kabu-kabu. Bappa kuwa dariya ya tuntsire da ita, ya dubi maigidana, ya nuna ni da sanda. "Wagga ɗiya ta hi ka wayo! Ku tai, Allah shi kiyaye."

Muka tafi. Hanya ta buɗe a gabana, gonaki dama da hagu, shanu na tsallakawa, yara a baya suna ta guɗa kamar an kawo amarya. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye, na fake da gyaran gyale.

Dab da Goronyo wani dattijo ya ɗaga hannu. Na ji motar ta fara rage gudu. Maigidana ya matsa hon, ya ɗaga masa hannu da ladabi, ya ƙara mai muka wuce. Ya yi ajiyar zuciya.

"To, Malama," ya ce, "tunda kin amshe wurin, ba ni labari. Na gidan gaba ba ya barci."