Datti da Dokar Ba da Hanya

Datti mutumin Yauri ne, yana zaune a Cheras, can ƙasar waje, yana sayar wa ɗalibai kilishi da yaji. Bai yarda da kowa ba. Ko lif na hawa bene ya buɗe, sai ya leƙa kafin ya shiga. Da korona ta watsa ɗalibai, shi kaɗai ne bai yi mamaki ba, don ya daɗe yana zarginsu.

Bayan an sassauta kulle, wani maƙwabcinsa, Pak Mazlan, ya ji cewa a bakin kogi ya tashi, sai ya ɗauke shi gwaji a jirgin ruwansa na yawon shaƙatawa a tashar Port Klang, irin wanda iska ke turawa. In ya iya, aikin nasa ne. In bai iya ba, babu wani abin da zai riƙe gida da shi.

Igiya da sitiyari ba su ba shi wuya ba. Doka ce ta tsaya masa. Pak Mazlan ya ce in jirage biyu suka haɗu, wanda iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya, kuma dole ya miƙe, kada ya kauce. Datti ya tambayi wa ya tabbatar ɗayan ya karanta dokar. A Yauri, yaro ke kauce wa babba, kuma ba a taɓa rubuta ta ba.

Ranar gwaji tashar ta cika maƙil, kowa ya fito huce kulle. Iska na damansa. Sai ga wani jirgi ya doso, mai furfura ne a sitiyari, takunkumi ya rufe masa fuska, ba a ganin niyyarsa.

"Miƙe," in ji Pak Mazlan.

Datti ya dubi furfurar, ya dubi takunkumin. Bai yarda da mutumin ba, kuma ba ya iya tsallake gaban sa'an babansa. Ya kauce. Dattijon shi ma ya riga ya kauce bisa doka, sai ga shi ɓangare ɗaya suka nufa. Jiragen suka gaisa da ƙarfi.

"Hanyarka ce fa, ɗana," in ji dattijon, yana duba fentinsa.

Pak Mazlan ya kai shi tashar jirgin ƙasa cikin mutunci, bai ce ya dawo ba.

A gida matarsa Barira ta ce, "Baban Mubina, wato ladabi ne ya kore ka?"

Ya ce ba ladabi ba ne. Dattijon nan turo shi aka yi.