Ina Za Ka, Alhaji?

Shekarun baya, ina tsakiyar harkar albasa a Madawa, likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce hawan jini gare ni. Tansiyo, in ji mutanenmu. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri, kuma in riƙa tafiya a ƙasa kullum da safe.

Magani da gishiri ba su dame ni ba, a cikin gida ake yin su, ba mai gani. Tafiyar ce tashin hankali. Ni da ko masallacin unguwa sai na tada moto, wato babur, ga tumbi Allah ya hore. A wurinmu kuma magidanci ba ya taka ƙasa haka kawai sai da dalili.

Ranar farko ban yi nisa ba wani ɗan kabu-kabu ya ci birki. "Alhaji, lahiya? Ina za ka? Hau in kai ka." Na ce ba ko'ina. Kafin a jima zance ya zagaye gari wai na karye, har moto na sayar. Wani abokina ma har gida ya biyo ni. "In albasa ta ruɓe maka, hwaɗi mani. Ba a ɓoye ma ɗan'uwa."

Kunya ta rufe ni. Na kasa cewa ciwo ne, gani nake za a ce Alhaji ya ƙare. Sai na daina fita. Daga nan zuciyata ta karaya, na ce abin nan ba irin nawa ba ne. Maganin ma ya koma in sha yau, in manta gobe. Ciwon kai da jiri suka dawo.

Ana haka na je Garhanga duba yayana, wanda ciwon nan ya shanye wa ɓarin jiki. Na tarar 'ya'yansa sun ɗauko shi sun kwantar a inuwa. Don in sa shi dariya na ba shi labarin masu tare ni a hanya. Bai yi dariya ba. Da ƙyar ya haɗa maganar.

"Kai ana tambayarka ina za ka. Ni hwa, tunda ƙahwag ga tam mutu, ba wanda yat tambaye ni."



Washegarin dawowata na sha maganina, na fita, kuma ban bi lungu ba. Ta tsakiyar tasha na ratsa, inda 'yan kabu-kabu suke. Suka taso da tambayarsu. Na ɗaga murya na ce, "Tansiyo nika kora! Mai ƙarhi shi biyo ni!" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, na wuce abina. Ashe abin da nake tsoro ke nan.

Ba a daɗe ba abokin nan nawa ya fara jirana a bakin hanya. Shi ma ashe ya jima yana ɓoye nasa maganin a aljihu. Ranar da na koma awo likita ya yi murmushi, ya ce in ci gaba da abin da nake yi.

Na gane mutum ba ya iya kula da ciwon da yake jin kunyar ambata. Har yau ina fita, har yau ana tambayata ina za ni. Wallahi daɗi nake ji, don mai ƙafa ake yi wa wannan tambaya.